3.4 Ma'ana da Amfanin Kalmar "Gola"

A wannan sashe za a yi nazarin sunayen da Hausawa ke kiran ɗan wasan da ke tsayawa a bakin raga. Sunayen uku ne: gola, da mai tsaron gida, da mai tsaron raga.

Kalmar "gola" ararriya ce daga Ingilishi, amma ta riga ta zauna a Hausa. Duk da cewa ta ƙare da wasalin "a", kamar yawancin sunaye mata, jinsin namiji take ɗauka idan ana maganar namiji. Alal misali, akan ce Peter Rufai ne golan Nijeriya lokacin da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ba a cewa "golar Nijeriya".

Sauran sunayen biyu kuwa ƙirƙira ce ta hanyar bayyana aiki, kuma kowanne yana da rauni. "Mai tsaron gida" yana kawo ruɗani, domin 'yan baya ma gida suke tsarewa, kuma sunansu, wato "masu tsaron baya", ya yi kusa da shi a kunnen mai sauraron rediyo. "Mai tsaron raga" ya fi fito da ma'ana, sai dai ya taƙaita aikin ga bakin raga kawai. Tun daga 1992, lokacin da aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya bugo masa da ƙafa da gangan, ya zama tilas ya iya wasa da ƙafa kamar kowa. A gasar cin kofin duniya ta 2014, Manuel Neuer na Jamus ya riƙa fita wajen yadi na 18 yana tare 'yan gaban Aljeriya. Wannan aiki ya wuce tsaron raga.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sunan da aka gina a kan aiki yakan gaza idan aikin ya sauya. Ita kuwa "gola" ba ta ɗaure da wani aiki guda ba, ga ta gajeriya a bakin mai sharhi. Saboda haka ita ta fi cancanta a daidaita a rubutu da koyarwa, a bar "mai tsaron raga" a matsayin bayaninta.