Hausar Cikin Waya da Hausar Bakin Masu Waya: Nazari Daga Ƙasar Yawuri

Manufar wannan maƙala ita ce a auna Hausa iri biyu waɗanda wayar hannu ta haifar, watau wadda kamfanoni suka fassara suka cusa a cikin waya, da kuma wadda jama'a suka ƙago da bakinsu domin su yi zancen wayar. An ɗauki misalai daga Yelwa da garuruwan bakin tafkin Kainji, kamar Wara ta ƙasar Ngaski da kuma ƙasar Shanga, saboda wani dalili da zai bayyana nan gaba. Domin kada mai karatu ya sha wahalar neman inda na dosa, ra'ayina shi ne Hausar bakin jama'a ta fi ta cikin waya inganci nesa ba kusa ba, kuma masu fassara ba su da uzurin ƙin koyo daga gare ta.

Ita kalmar waya tsohuwar baƙuwa ce. Daga Ingilishi aka aro ta tun farkon zuwan Turawa, ma'anarta kuwa zaren ƙarfe. Da yake a kan wannan zare ne saƙon tangarahu ke bi, sai aka kira saƙon kansa waya, aka kira ofishin da ake aika shi gidan waya, aikawar kuma aka ce buga waya, domin lalle ma'aikacin bugun wani ɗan ƙarfe yake yi. Yau babu zaren, babu bugun, amma har gobe Bahaushe buga waya yake yi. Da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairu na 2001, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Gidajen rediyo suka raɗa wa sabuwar na'urar suna tafi-da-gidanka. Suna ne mai armashi, amma ya yi wa baki tsawo, saboda haka jama'a suka ci gaba da cewa waya kurum, har ta kai tsohuwar tarho ce yanzu ke bukatar a yi mata ƙarin bayani. Haka ya faru da komai-da-ruwanka, laƙabin da 'yan jarida suka ba wayar da ke shiga intanet. A kasuwar Yelwa babbar waya ake ce mata, ko da ba ta kai tafin hannu kauri ba, mai madannai kuwa ƙaramar waya ce. Girman na aiki ake nufi, kowa kuma ya gane.

Inda Hausar jama'a ta fi nuna gwaninta shi ne wajen bayyana matsalolin kira. Dubi waɗannan jimloli da ake ji kullum a bakin ruwa da tasha:

Ta ƙi shiga.
Tana shiga, ba a ɗauka.
Ta shiga, sai ta katse.
Sabis yana rawa.
An cinye mini kati.

Kowace jimla a nan ta ware wata matsala daban, ta kuma nuna inda laifi yake. Ta farko laifin hanya ce, ta biyu laifin wanda aka kira, ta ƙarshe kuwa ƙara ce aka shigar ba tare da an ambaci sunan wanda ake tuhuma ba. Babu kwamitin da ya zauna ya tsara su. An ɗauko tsofaffin aikatau ne, shiga da ɗauka da katsewa da ci, aka ɗora musu sabon kaya, suka kuwa ɗauka. Sabis da kati da caji da filashin duk aro ne, amma aro ne da ya bi ƙa'idar furucin Hausa ya kuma sami jinsi: sabis namiji ne, data mace ce, kuma ba ka taɓa jin mai sayar da kati ya rikita su.

Akwai wani bambanci da ya kamata a dakata a kansa. Bahaushe yakan ce ruwa ya ɗauke, watau ya tsaya don kansa, yakan kuma ce an ɗauke wuta, watau akwai hannun wani. Da waya ta zo sai ya raba mata jimlolin biyu: sabis ya ɗauke, da an ɗauke sabis. Shekaru da yawa ana iya musanya su ba tare da an yi hasarar komai ba. Amma a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe hanyoyin sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya kuma aka faɗaɗa rufewar zuwa wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, sai ɗan ƙaramin lamirin nan an ya zama shi ne labarin gaba ɗaya. Haka kuma a watan Afrilu na 2022, da aka hana layukan da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ba yin kira, ba wanda ya ce layina ya rufe. An rufe mini layi aka ce. Nahawun Hausa ya riga ya tanadi wurin da za a ajiye wanda ya aikata abu ko da ba a son kiran sunansa, jama'a kuwa sun yi amfani da wannan tanadi daidai wa daida.

To, bari mu juya ga Hausar cikin waya. Adalci ne a fara da yabo. Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da shafinsa na Hausa a 2016, wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, kuma su ne suka cika shagunan Arewa, ana iya juya da yawansu zuwa Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga harshen da a dā sai a littafi da rediyo ake samunsa. Wasu kalmomin ma sun zauna daram, kamar soke da goge da adana da saƙon kar-ta-kwana, wanda asalinsa wasiƙar gaggawa ce da ba a yarda ta kwana a hanya ba. Ita ma manhaja, wadda mu malamai muka sani da ma'anar tsarin karatu, an ja ta da ƙarfi zuwa sabuwar ma'ana. Ban so haka ba, amma ta riga ta kama ƙasa.

Aibin yana cikin yadda ake fassarar. Yawanci jerin kalmomi ake miƙa wa mai fassara, kowace a gidanta, ba tare da ya ga fuskar wayar da za ta fito a kai ba. Sakamakon haka shi ne irin raba da ake gani a ƙarƙashin hoto. A Hausa in an raba abu raguwa yake yi, ko kuma a raba masu faɗa, ko a raba aure. Hoton da ka aika wa mutum goma kuwa yana nan a wayarka bai ragu ba. Jama'a tuni suka warware wannan: tura suke cewa in mutum ɗaya ne, yaɗa in duniya ce. Haka nan gida da ake sa wa shafin farko, da taga, da makamantansu. Mai jin Ingilishi yana karanta su ya mayar da su Ingilishi a zuciyarsa, sannan ya gane. Wanda ba ya ji, wanda kuma dominsa aka yi fassarar, shi ne ke tsayawa yana kallo. Abin da ya sa ke nan za ka tarar da mai gyaran waya, in an kawo masa wadda aka juya Hausa, abu na farko da yake yi shi ne ya mayar da ita Ingilishi.

Sai matsalar jinsi. Ingilishi yana ba da umurni ba tare da ya damu da namiji ko mace ba, Hausa kuwa dole ta zaɓa. Sau da yawa muryar da ke sanar da mai kira cewa lamba a kashe take, da rubutun da ke neman a shigar da lambar sirri, da ka suke magana. Matan da ke bandar kifi a bakin tafki, da masu sarin albasa, ba a yi da su ba ke nan. Maganin kuwa yana nan a bakin kowane mai shela: a sake gwadawa, a shigar da lamba. Lamirin a bai bar kowa a baya ba, kuma ya fi ladabi ga dattijo.

Batun haruffa masu ƙugiya ya fi waɗannan nauyi. Tun a shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, da su kuma aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Wayoyin farko ba su san da su ba. Akwai kuma wani dalili na kuɗi wanda masu zargin matasa da lalaci ba su cika lura da shi ba. Saƙon kar-ta-kwana ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 in duka suna cikin jerin haruffan da tsarin GSM ya tanada. Haruffanmu masu ƙugiya ba sa cikin wannan jeri, saboda haka da zarar ƙ ɗaya ta shiga, sai wayar ta koma wani tsari wanda ke ɗaukar haruffa 70 kacal. Saƙon da za a biya kuɗin ɗaya sai ya zama biyu ko uku. Watau shekara da shekaru tara ake cin duk wanda ya rubuta Hausa daidai. Ba abin mamaki ba ne da aka sami qasa a madadin ƙasa, da lfy da ngd da ykk. Yanzu dai allon rubutu na Gboard yana da tsarin Hausa mai ɗauke da haruffan, a WhatsApp kuma ba a ƙidaya harafi, amma hannu ya riga ya saba.

Wani zai ce ai ana ganewa. Ana ganewa har ranar da ba a gane ba. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya musu fasali, cinikin kifi da albasa da shinkafa ya koma ta waya ala tilas, har ga mutanen da ba su taɓa shiga banki ba. Ɗauki saƙo irin wannan daga yaron dillali zuwa ga ubangidansa: ya bata kudin. Ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata kuɗin? Ƙugiya ɗaya da rabon kalma ɗaya ne tsakanin amana da cin amana.

Dalilin zaɓen ƙasar Yawuri kuwa shi ne ba Hausawa kaɗai ke cikinta ba. Akwai Gungawa masu harshen Reshe, waɗanda da yawansu aka tashe su daga tsibiransu sa'ad da aka kammala madatsar Kainji a 1968, cikin mutane kimanin 44,000 da ruwa ya kora. Akwai Kambari, da Lopawa, da Shangawa waɗanda harshensu na dangin Mande ne, kuma yawancinsu sun riga sun koma Hausa. Ga waɗannan al'ummu Hausa ita ce harshen kasuwa da na rubutu, wayar hannu kuwa ta zama littafin da suka fi buɗewa a rana. Bakano in ya ga gurguwar fassara dariya zai yi ya wuce, domin yana da ma'auni a kunnensa. Yaron da a gida Reshe ko Kambarci ake yi masa, shi ɗauka zai yi haka ake rubuta Hausa, ya kuma kai ta aji. Malaman sakandare da ke gyaran insha'i sun san abin da nake nufi.

Abin da ya kawo sauƙi ba daga masu fassara ya fito ba. A 2013 WhatsApp ya ƙara hanyar aika saƙon murya, wannan kuwa ya cire harafi daga tsakani. Bagunge yana iya yi wa ɗan'uwansa magana da Reshe ba tare da an ƙirƙiro masa allon rubutu ba. Basakkwace ko Bakabe da ya zo cin kasuwar Yelwa yana aika wayag ga da tahi yadda ya tashi da su, ba mai gyara masa zuwa Kananci. Ƙugiya da tsawon wasali da karin sauti, waɗanda boko ya daɗe yana fama da su, duk suna tafiya lafiya a cikin murya.

Ya kamata masu tallar sababbin wayoyi su ma su tsaya a shagon waya su yi sauraro. Tallarsu ta rediyo cike take da ƙarfin kyamara da faɗin ma'adana, an jera su da lambobin Ingilishi a tsakiyar jimlar Hausa. Mai saye kuwa tambayoyinsa ba su wuce uku ba: tana riƙe caji, layi nawa take ci, tana kama sabis a kan ruwa? Ta farko tambaya ce ta mutanen da ke zaune a gefen tashar da aka gina don ta ba da megawat 760, amma suke biyan mai janareta ko mai sola kuɗin caji. Ta biyu ta wanda ya san kamfani ɗaya ba ya isa ko'ina, sai ya haɗa biyu. Ta uku kuwa duk wanda ya tuna jirgin fasinja da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021, da yawan rayukan da suka salwanta a cikinsa, ya san abin da matuƙin kwalekwale yake tambaya.