Ɗalibin Zane da Mutuwar Flash

Tun da jami'o'in duniya suka buɗe fannin nan da ya tara zane da sauti da hoto mai motsi da rubuta wa kwamfuta umarni a wuri guda, har aka wayi gari yaro yana shafe shekara uku ko huɗu a kansa ya fito da digiri, wata al'ada ta kutso cikin karantarwar sannu a hankali, wadda a ra'ayina illarta ta rinjayi fa'idarta nesa ba kusa ba, wato mayar da manhajar wani kamfani ta zama ita ce darasin kansa. Sai ka ji an ce wannan zango na Photoshop ne, mai bi masa na Figma, ɗalibi kuwa ya fito ya haddace muhallin kowane maɓalli, alhali in ka tambaye shi dalilin da ya sa ido ke fara sauka a kan wannan rubutu kafin wancan, sai ya yi shiru.

Hujjata ita ce abin da ya sami Flash, wanda duk mai nazarin wannan fanni ya kamata ya san tarihinsa. A shekarar 1996 kamfanin Macromedia na Amurka ya sayi wata 'yar manhajar zanen motsi ya raɗa mata wannan suna, ba a daɗe ba ta mamaye intanet, ta yadda wasanni da tallace-tallace da darussan makaranta da ita ake yin su, har YouTube ma da ya bayyana a 2005 da ita yake nuna bidiyo, a shekarar ce kuma kamfanin Adobe ya sayi Macromedia ɗungurungum. Makarantu suka ɗauka cewa abin ya zauna ke nan, suka gina karatu a kansa, ɗalibai suka ƙare ƙuruciyarsu wajen laƙantar lungunansa. Sai wayar iPhone ta fito a 2007 ba ta karɓar Flash, a watan Afrilu na 2010 Steve Jobs, shugaban kamfanin da ya ƙera wayar, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilansa na ƙin sa, a 2017 Adobe da kansa ya sanar da ajalinsa, ranar 31 ga Disamba 2020 kuwa aka yi masa sutura.

To, abin lura a nan shi ne waɗanda suka yi wannan karatu sun kasu gida biyu. Harshen umarnin da ke cikin Flash, wato ActionScript, dangi ne na kusa ga JavaScript wanda shafukan intanet ke aiki da shi har yau, saboda haka wanda ya fahimci yadda ake gindaya wa na'ura sharaɗi, da yadda ake sa ta maimaita aiki, da yadda ake kasa babbar mas'ala ƙanana-ƙanana har ta warwaru, shi bai yi asarar kome ba, ƙaura kawai ya yi. Amma wanda iyakar saninsa jan hoto daga wannan gurbi zuwa wancan, ranar da aka rufe manhajar ranar ce ilminsa ya bi ta. Malamanmu na zaure sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suka bambanta usuli da furu'a, suka kuma nace wa nahawu da sarfu, domin almajirin da ya riƙe su yana iya buɗe littafin da ba a taɓa biya masa ba ya fitar da ma'ana, wanda kuwa ya dogara ga haddar fassara kaɗai, da zarar an juya shafi ya tsaya cik.

Ba kuwa za a ce ba a san wata hanyar ba. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a birnin Weimar na Jamus a 1919 ba ta barin ɗalibi ya shiga ɗakin sana'a sai ya wuce darasin share fage, inda yake fama da launi da siffa da ɗabi'ar katako da takarda da ƙarfe. A jami'ar MIT ta Amurka kuma, John Maeda ya fitar da wani ɗan ƙaramin harshe a 1999 don koya wa masu zane rubuta umarni, almajiransa biyu, Ben Fry da Casey Reas, suka ɗora a kai suka fitar da Processing a 2001, kyauta ga kowa, inda ɗalibi ke rubuta layi biyu ko uku ya ga da'ira ta bayyana a allo, ya sauya lamba ɗaya ya ga ta gusa, da haka lissafi da zane ke shiga kansa tare ba tare da ya ankara ba. Daga wannan tushe ne allon Arduino ya tsiro a garin Ivrea na Italiya a 2005, haka nan p5.js da Lauren McCarthy ta assasa daga baya. Ga Processing nan da ransa, Flash da ya fi shi kuɗi da suna yana kabari.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Mai ɗaukar ma'aikata sunan manhaja yake rubutawa a tallarsa, uban da ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta kuwa aiki yake jira, ba falsafa ba. Na yarda a koyar da kayan aikin zamani, wajibi ne ma. Abin da na ƙi shi ne a ba su matsayin asali. Sai dai wata shubuha sabuwa ta fi wannan ƙarfi, domin tun da Canva ya zo da zanen da aka riga aka yanka, kuma tun daga ƙarshen 2022 na'urori irin su ChatGPT suka fara rubuta umarnin da kansu, wasu na ganin koyon tushe ya zama wahalar banza. Ni kuwa akasin haka nake gani, saboda na'urar takan yi kuskure da cikakken yaƙini, mai taƙlidi kuwa ba shi da mizanin da zai rarrabe sahihi da gurɓatacce, sai ya karɓa ya miƙa.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Nijeriya ta rarraba karatun aikin jarida gida-gida a 2020, har fim da haɗakar hoto da sauti suka sami digiri nasu na kansu. Ga shi kuma wanda ya tsara waɗancan zane-zanen na Canva da aka riga aka yanka bai yi su da mai ƙaramar waya da datar naira ɗari biyu a zuciyarsa ba, balle mai sauraro wanda bai iya karatun boko ba. Dubi ko fastocin Hausa da ke yawo a wayoyinmu, sau nawa ƙ da ɗ da ɓ suke fita daban da sauran haruffa, ko su zama akwati fanko, don kawai salon rubutun da aka zaɓa ba shi da su, mai zanen kuma bai san yadda ake duba wannan ba, balle ya gyara. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, salon ajami irin na Kano da ake samu a kwamfuta, mai suna Alkalami, ƙungiyar SIL ce ta waje ta fitar da shi, alhali gwanayen wannan rubutu suna nan cikin unguwanninmu, abin da ya rage kawai ɗalibin da ya haɗa idon marubuci da sanin na'ura.

Da za a nemi shawarata, shekarar farko ta ɗalibi da fensir da takarda za ta tafi, tare da harshen umarni guda ɗaya mai sauƙi, da nazarin haruffa na boko da ajami, da fita kasuwa a miƙa wa ɗan tireda waya a tsaya a ga inda yatsansa ke ɓata. Manhajojin kamfanoni su biyo baya, a riƙa sauya su duk lokacin da kasuwa ta sauya. A jarrabawar ƙarshe kuwa, a ajiye masa wata manhajar da bai taɓa buɗewa ba, a ba shi mako guda da aikin da zai yi da ita, sa'an nan ya tsaya gaban malamai ya bayyana dalilin kowane launi da kowane layin umarni da ya sa.