Mutumin Kirki da Maƙwabtansa a Gajeren Labarin Hausa: Darasi Daga Iyakar Bagudo

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1937 da littafi na farko na *Magana Jari Ce* ya fito, gajeren labarin Hausa bai rabu da jigon mai gaskiya wanda mutanen da ke kewaye da shi suka sa a gaba ba. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka saba warware wannan jigo, sannan ta auna shi da zaman jama'ar Bagudo ta Jihar Kebbi, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin.

2.0 Tsohon Zubi

A wurin Abubakar Imam, mai gaskiya da mahassadi a rarrabe suke kamar fari da baƙi. Labarin da ya ɗinke littafi na farko ma haka yake. Waziri ya ƙulla makirci, aku ya tsare amanar Sarki ta hanyar riƙe Musa da labarai, daga ƙarshe asiri ya tonu, aku ya sami waziranci. Sarki ko alƙali ko ƙaddara ke raba gardama, don haka mai karatu ba ya shan wahala wajen zaɓen wanda zai goya wa baya.

*Turmin Danya* na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, ya shigo da fasa-ƙwauri cikin ƙagaggen labari. Ko da yake dogon labari ne, ya gaji wannan zubi, domin Alhaji Gabatari attajiri ne wanda ɓarnarsa take a fili.

3.0 Inda Kirki Ya Yi Karo da Kirki

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya jera halayen da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, cikinsu har da gaskiya da amana da kunya da mutunci da adalci. Tsohon zubi ya ɗauka cewa duk hanya ɗaya waɗannan halaye suke bi. Bakin iyaka kuwa wuri ne da suke rabuwa.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta tsaga ƙasar Bargu, ta bar Illo a hannun Ingilishi. Ta haka Dandawa da Fulani da Hausawa suka wayi gari danginsu na ƙasa biyu. Mutumin Lolo da na Madekali, ko na Tsamiya da na Segbana, aure da kasuwa da jana'iza sun haɗa su tun kafin a kafa shingen kwastan. Da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ta kuma hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamba, sai abin da talaka yake gani neman abinci ya zama laifi babba a idon hukuma.

A ɗauka, alal misali, wani malamin makaranta ne a irin wannan gari, maƙwabcinsa ya roƙe shi ya ɓoye masa buhunan shinkafa a zaurensa. In ya yarda, gaskiyarsa ta taɓu. In ya ƙi, ya keta kunya, ya kuma tauye haƙƙin maƙwabtaka wanda Musulunci ya ƙarfafa ƙwarai. In ma'aikata suka tambaye shi ya faɗa, ya ci amana. Maƙwabcin nan kuma mai yiwuwa shi ne ya kai matar malamin asibiti a kan babur da tsakar dare. Ina mahassadi a cikin wannan labari?

Hukuncin da unguwa ke yanke wa irin wannan mutum shiru ne. Gaisuwa ta gajarta, a yi suna ba a aiko masa da goro ba, in ya iso majalisa hira ta mutu, yara su fara kiransa ɗan rahoto. Gajeren labari ya fi dogo dacewa da wannan, domin dare ɗaya da zaure ɗaya sun isa su ɗauke shi. Sharaɗin kawai shi ne marubuci ya ba maƙwabcin baki ya kare kansa da hujja mai nauyi, cikin karin harshen yankin, da lissafinsa na naira da sefa, kuma kada ya kira sarki ko mota ɗauke da 'yan sanda a shafin ƙarshe don su fid da tauraron daga kunya.

4.0 Kammalawa

Imam ya rubuta labaransa don 'yan makaranta, kuma zubin da ya zaɓa ya biya wannan buƙata. Laifin na wanda ya ɗauki ma'aunin yara ya auna rigimar manya da shi ne. Gasa irin ta Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta buɗe wa gajeren labari fili. Abin da ya rage ga marubuta da malaman da ke tarken ayyukansu shi ne su tambayi kowane tauraro mai gaskiya abin da gaskiyarsa ta jawo wa maƙwabcinsa, da kuma yadda zai fuskanci wannan maƙwabci gobe a sahun asuba.