Ɗan Zariya Ya Sayar Mana da Zinariya

Ko yau aka tashe ni daga barci aka tambaye ni cinikin da ya fi burge ni a ƙwallon kwandon Amurka, zan ce na ranar 30 ga Disamba, 2023. Ranar nan Toronto Raptors ta ba New York Knicks OG Anunoby da Precious Achiuwa da Malachi Flynn, ta karɓi RJ Barrett da Immanuel Quickley da damar zaɓen sabon ɗan wasa ɗaya. A tsakiyar kaka fa, wasa na ci! Kuma wanda ya ƙulla cinikin daga ɓangaren Toronto namu ne, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kafin ya zama shugaban ƙungiyar. Ƙungiyoyin biyu ma shari'a suke yi da juna a kotu a lokacin kan zargin satar bayanai, amma da maganar ciniki ta taso sai aka ajiye gaba a gefe. Mu da ke Head Bridge a Anacha mun san wannan hali sarai, don abokin rigimarka na safe shi ne zai sauke maka buhun albasa da yamma.

A nan bakin gada kowa Arsenal da Chelsea yake yi. Masu kwando ba mu da yawa, kuma wahalarmu ta fi tasu, tunda wasan da aka fara da ƙarfe 7:30 na yamma a New York, 1:30 na dare ne a wurinmu. Sai ka ga mutum uku sun duƙufa kan waya ɗaya a teburin mai shayi, tireloli na gurnani sun nufi Asaba. Da labarin cinikin ya iso, da yawa daga cikinmu magoya bayan Knicks sun yi tsaki. Quickley yaro ne mai zafin hannu, Barrett kuma shi Knicks ta ɗauka na uku a zaɓen 2019. Ya za a ba da mutum biyu masu zura maki a karɓo mutumin da ko magana ba ya son yi?

To ai wasan Anunoby ba a takarda ake ganinsa ba. Ogugua sunansa, a Landan aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya sa maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo ke cewa ɗansu ne, mu kuma mu ce ɗan Zariya ne ya raine shi. A kakar 2022-23 babu wanda ya kai shi ƙwace ƙwallo a duk gasar NBA. Ka ba shi gajere mai gudu ya tsare, ka ba shi ƙato ya tsare, sannan ya lallaɓa kusurwa ya jira, a miƙa masa ya jefa mai maki uku, fuskarsa ko gezau. Wasansa na farko, ranar 1 ga Janairu, 2024, ya ci maki 17 aka doke Minnesota, wadda ke jan ragamar yamma a lokacin. Watan nan Knicks ta yi wasa 16 ta ci 14. Zuwa ƙarshen kaka, a wasanni 23 da ya buga mata ta ci 20. Wallahi ba a taɓa saya mana kaya ya biya kuɗinsa da wuri haka ba!

Amma ni Achiuwa ne ɗan gatana. Haifaffen Fatakwal ne, nan kusa da mu, kuma kowa ya ɗauka gyara ce kawai aka ɗora a kan ciniki. Mun manta shi ne ya tare Kevin Durant a sama a Las Vegas cikin Yulin 2021, ranar da D'Tigers ta Najeriya ta doke Amurka 90 da 87. Da Julius Randle na Knicks ya goce kafaɗa a ƙarshen Janairun 2024, shi ma Anunoby aka yi masa tiyata a gwiwar hannu, yaron nan ne ya ɗauki kayan. Kocin Knicks na lokacin, Tom Thibodeau, ba ya tausayin ƙafar ɗan wasa, sai ya bar shi minti arba'in a fili, shi kuwa ko a jikinsa.

Ranar da ba zan gaji da labarinta ba ita ce Lahadi 28 ga Afrilu, 2024, wasa na huɗu na zagayen neman kofi da Philadelphia a gidanta. Kasuwa a rufe, wasan kuma ya faɗo daidai magariba a agogonmu, kowa ido biyu. A zangon ƙarshe dogayen Knicks ba su nan, ɗaya ciwo, ɗaya laifi ya yi masa yawa. Sai aka tura Anunoby ya tsaya gaban Joel Embiid, ƙaton Kamaru, Achiuwa na taya shi. Embiid ya ja baya zai jefa daga nesa, Achiuwa ya yi tsalle ya maƙe ƙwallon ta fice. Teburin shayi sai da ya girgiza. Maki ɗaya tal Embiid ya samu a zangon, Jalen Brunson namu ya tara 47, aka tashi 97 da 92.

Ban ce Ujiri ya yi wauta ba. Kwantiragin Anunoby na dab da ƙarewa, kuma watanni kaɗan kafin nan Fred VanVleet ya bar Toronto ya tafi Houston ba a samu ko sisi ba. Barrett ɗan Kanada ne, ya koma gida ya ƙara kyau. Abin da ya ba ni haushi kawai, bayan mako biyu da ɗoriya Ujiri ya sayar wa Indiana Pascal Siakam, kuma Indianar ce ta fitar da mu a zagaye na gaba, a wasa na bakwai, bayan Anunoby ya ji ciwo a cinya a wasa na biyu. Da ƙafarsa ƙalau, rantsuwa zan yi da labarin ya sha bamban.

Knicks dai ba ta yi wasa da damarta ba. A bazarar 2024 ta ɗaure shi da kwantiragin shekara 5 kan dala miliyan 212.5, masu tsakin nan suka sake cewa an yi tsada. Shekara na zagayowa ya taimaka aka kori Boston mai riƙe da kofi, Knicks ta kai wasan ƙarshe na gabas karon farko tun 2000. Yanzu idan gardama ta tashi a bakin gada, su ne ke riga ni faɗin sunansa.