Fim ɗin Vikings: an nuna mana gatari, an ɓoye sikeli

Duk wanda ke bi ta gaban shagunan masu tura fina-finai a unguwar nan bayan Isha'i ya san fim ɗin da muke nufi. Samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, ana ta "kai, Ragnar ba dama!" Vikings ke nan, mai dogon zango, wanda Michael Hirst ya rubuta, aka yi ta haska shi daga 2013 zuwa 2020, zango 6, kashi 89. Mu ma mun zauna mun kalle shi har ƙarshe, don kada mu yi sharhi a kan abin da ba mu gani ba.

Mutanen da fim ɗin ke ba da labarinsu, wato 'yan Denmak da Nowe da Suwidin na dā, reshe ne na babban dangin da ya haɗa Jamusawa da Turawan Ingila da 'yan Holan. Harsunansu tushe ɗaya ne. Kuma ba su yi mana nisan da muke zato ba. Bajamushe Gerhard Rohlfs ya ratsa ƙasar Gombe a 1867 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Bauchi. Turawan da suka yi yaƙi da Sarkin Musulmi Attahiru a Bormi a 1903 jikokin wannan dangi ne. Yaranmu da ke rera ranakun mako da Turanci a firamare, sunayen gumakansu suke kira ba su sani ba: Laraba ta Odin ce, Alhamis ta Thor. Kai, har Bluetooth ɗin da ke cikin wayar, laƙabin wani sarkin Denmak ne, Harald, na ƙarni na 10.

A ba fim ɗin haƙƙinsa. Jiragen ruwan sun yi kyau ƙwarai, kuma an kauce wa hular nan mai ƙaho da masu zane suka ƙaga wa mutanen nan. An nuna mace irin Lagertha tana da bakin magana a gida da fada. Wanda ya fito a Ragnar kuwa, Travis Fimmel, ya iya wasa da ido. Sai ya yi shiru amma ka ji kamar ya yi dogon jawabi.

To amma tarihi fa an yi masa ɗinkin ɓarawo. An sa Ragnar ya kai harin Lindisfarne, wanda aka yi a 793, an kuma kai shi Faris, harin da aka yi a 845, sannan an ce Rollo ɗan'uwansa ne, alhali Rollo sai a 911 ya samu ƙasar Nomandi. Shekara 118 ke nan aka cusa a rayuwar 'yan'uwa biyu. Kamar a ce Buba Yero ne ya dawo da hedikwata nan Doma a 1919. Akwai kuma wurin da ya fi burge samarinmu, inda Floki ya shiga masallaci a Andalus ya hana a taɓa masu salla. An yi ta yaɗa guntun nan a WhatsApp ana kabbara. Mu dai abin da tarihi ya ajiye shi ne, da suka faɗa wa wannan gari na Aljaziratul Khadra wajen 859, ƙone masallacin suka yi. A nan kam fim ɗin lallashinmu ya yi.

Duk wannan da sauƙi. Babban laifin fim ɗin a wurinmu shi ne abin da ya bari a duhu. Kashi bayan kashi, gatari ne da jini da kwasar ganima, har yaro ya tashi da tunanin da haka aka gina ƙasashen nan. Alhali a cikin kaburburan mutanen nan, masu tono sun sha tarar da ɗan ƙaramin sikeli mai naɗewa da duwatsun awo, na auna azurfa. 'Yan kasuwa ne, fatake, irin kakanninmu.

Shaidar ma daga wurin Musulmi ta fito. Ahmad ibn Fadlan, jakadan Halifa Muƙtadir, ya tashi daga Bagadaza a 921, ya isa bakin kogin Volga a 922, ya tarar da mutanen da ake kira Rus, waɗanda yawancin masana ke cewa daga cikin dangin nan suke. Bai yabe su ba wajen tsabta, ko kusa. Amma abin da ya gani kasuwa ce: sun zo da fatu masu tsada da bayi, ɗan kasuwa na zuwa gaban gunkin itace da burodi da nama yana roƙon a kawo masa mai saye mai dirhami da yawa wanda ba zai yi ciniki mai tsawo ba. Ya kuma ce matansu na ƙara abin wuya ɗaya duk sanda dukiyar miji ta ƙaru da dirhami 10,000. Wanda ya san matan unguwar nan da gwal ba zai yi mamaki ba. Maganar bayin kuwa ba abin yabo ba ce, kuma mu ma a tarihinmu ba mu da bakin yi wa wani gori a kanta.

Dirhamin nan bai ɓace ba. A 1999, a tsibirin Gotland na Suwidin, an haƙo azurfa wajen kilo 67 a gona guda, a ciki har da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan dukkansu na ƙasashen Musulmi, da rubutun Larabci a jiki. A birnin York na Ingila, wanda suka ci a 866, fim ya nuna mana Ivar yana ihu cikin jini. Da aka tona unguwarsu a can tsakanin 1976 da 1981, abin da aka samu shi ne takalman fata, da matajin kai, da hular siliki, har da wuri, irin namu na kuɗin dā, wanda ya fito tun daga yankin Bahar Maliya. Unguwar baƙi ce ta dukawa da maƙera da masu sassaƙa. Mu da iyayenmu suka zo daga Kano da Katsina da Haɗeja saboda auduga da gyaɗa, wasu kuma bayan jirgin ƙasa ya iso a 1963, ai mun san irin wannan unguwa. A cikinta muke.

Haka batun doka. A Ayisland sun kafa majalisarsu a 930, ana taruwa duk shekara a fili, akwai mutum guda da aikinsa shi ne ya haddace dokokin ƙasa ya karanto su da ka, sulusi kowace shekara. Wanda ya yi kisa, ko ya biya diyya ko a kore shi daga ƙasa. Fim ɗin ya ɗan leƙa zaman shari'a a zangon farko, daga nan sai ya manta, don sulhu ba ya kawo masu kallo.

Abin da ya sa muka damu, ba sai an faɗa wa mutumin Gombe ba. Mun ga abin da Kalare ta yi wa 'ya'yan mutane, daga Jekadafari har Bolari da Pantami: yaro ya ɗauki adda saboda ɗan siyasa, ya ƙare a gidan yari ko a maƙabarta. Ba mu ce fim ne ya kawo wannan ba, Kalare ta girme shi. Amma yaron da ya riga ya ɗauka cewa namiji shi ne wanda ake tsoro, ka ba shi kashi 89 na mutumin da ke samun sarauta da mata da suna ta hanyar sara, ai ka ƙara masa hujja. Kuma fim ɗin akwai tsiraici da ba a tace ba, ana tura shi haka nan a wayar ɗan shekara 13.

Ba za mu ce a hana kallo ba, don mun san ba za a hanu ba. Mu dai roƙonmu ga malaman tarihi na sakandare da ke zaune a unguwar nan, su samu wata Asabar su zauna da samarin a majalisa, a kalli kashi ɗaya tare, sannan a karanta musu abin da Ibn Fadlan ya gani da idonsa. Wani dattijo mai awo a Tudun Hatsi ya riga ya ce zai ba da aron tsohon sikelinsa a ajiye a gaban talabijin ɗin.