Madubi Ba Ya Dama Launi

A shekarar 2001 David Hockney, mai zane ɗan Ingila, ya fitar da littafi yana cewa tun wajen 1430 masu zanen Turai ke haska surar abu a kan allo da madubi ko gilashi, su bi ta da alƙalami. Wasu suka ce asirin magabata ya tonu. Ni kam ban yarda ba. Ana zaton Vermeer na ƙasar Holan ya yi haka, ko da yake ba a ga na'urar cikin lissafin gadonsa na 1676 ba. To, a ce ma ya yi. Madubi ne ya dama masa launi, ko ya zaɓa masa inda haske zai sauka? Da na'ura ke zane, ai da garinsu Delft ya cika da irinsa.