Jinjina ga Masu Sa Alama a Ruwan Kainji

Busasshen kifin Yawuri da ke shiga miya a gidajen Nasarawa GRA, a nan Kano, da gumin wasu ya iso gaɓa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye daji, kututture ya ɓuya a ƙasa yana jiran kwalekwale. Auna zurfi da sa alamun hanya alhakin ma'aikatan hukumar kula da hanyoyin ruwan cikin gida (NIWA) ne, wadda aka kafa a 1997. Sarakunan ruwa kuwa, da ilimin da suka gada, su ke nuna wa matasan masunta inda dutse yake. In ambaliya ta kwashe alama, a koma a mayar, ba gajiya. Saboda su masunci ke komawa ga iyalinsa lafiya.